Jovita Idar: 'Yar Jaridar da Ta Tare Ƙofa

 A shafinmu na tarihin fitattun mutane na wannan karo, mun tsallaka teku zuwa jihar Teksas ta ƙasar Amurka, domin mu kawo muku labarin wata baiwar Allah da ta rasu tun 1946.

Sunanta Jovita Idar. A bakin masu harshen ana furta shi Hobita, saboda harafin J a Sifaniyanci yana fita ne kamar H. Malamar makaranta ce, 'yar jarida ce, ta yi jinyar waɗanda aka jikkata a yaƙi, ta kuma yi tafinta a asibiti. Ba ta taɓa riƙe wani babban muƙamin gwamnati ba, kuma kusan duk rayuwarta a garuruwa biyu ta yi ta, Laredo da San Antoniyo. Amma akwai ranar da ta tsaya a bakin ƙofar wani gidan jarida ta hana 'yan sanda masu bindiga shiga. A wurinmu mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, wannan kaɗai ya isa ya sa mu nemi sanin ko ita wace ce, da kuma abin da ya kai ta bakin wannan ƙofa.

Garin da kogi ya raba

Kafin mu shiga rayuwarta, ya kamata mu san mutanenta. A Amurka akwai miliyoyin mutane waɗanda asalinsu daga ƙasashen da ake jin Sifaniyanci ne, kuma mafi yawansu tushensu Meksiko ne. Da yawa daga cikin na Teksas ba baƙi ba ne da suka zo ci-rani. Kakanninsu suna nan tun kafin Amurka ta iso wurin.

Ga yadda abin ya faru. An kafa garin Laredo a 1755 a bakin wani babban kogi, a lokacin da yankin yake hannun Sifaniya. Da Meksiko ta sami 'yancin kai a 1821, sai ya zama nata. A 1836 Teksas ta ɓalle daga Meksiko, a 1845 ta shiga cikin Amurka, daga nan yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu daga 1846 zuwa 1848. Meksiko ta sha kashi, ta rasa kusan rabin ƙasarta a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, aka kuma mayar da kogin ya zama iyaka. Amurkawa suna kiransa Rio Grande, 'yan Meksiko suna kiransa Rio Bravo.

Mutanen Laredo suka wayi gari a wata ƙasa ba tare da sun ɗaga ƙafa ba. Waɗanda ba su yarda su zauna ƙarƙashin Amurka ba suka haye kogi zuwa tsallake, inda garin Nuevo Laredo yake, wato Sabon Laredo. Yarjejeniyar ta yi wa waɗanda suka zauna alkawarin zama 'yan ƙasa da kuma kare dukiyarsu. A aikace kuwa, da yawa sun rasa filayensu, ana biyansu lada ƙasa da na fararen fata masu jin Ingilishi, a garuruwa da dama ana ware wa 'ya'yansu makarantu na daban marasa kyau, kuma ba kasafai kotu take sauraronsu ba.

Haihuwa da gidan da ta tashi

An haifi Jovita Idar a Laredo ranar 7 ga Satumba, 1885. Tana cikin 'ya'ya takwas na Nicasio Idar da matarsa Jovita Vivero, wato sunan mahaifiyarta aka sa mata. Mahaifinta ya yi aikin jirgin ƙasa, daga baya ya zama mai buga jarida kuma ɗaya daga cikin masu faɗa a ji na garin. Gidansu gida ne na karatu da muhawara. Yara suna jin manya suna tattauna siyasa da halin da jama'arsu suke ciki, kuma ba a ware 'ya'ya mata daga karatu ba.

Wannan tarbiyya ta nuna a kan 'ya'yan. Ɗan uwanta Clemente ya zama ɗan jarida kuma mai haɗa kan ma'aikata. Wani ɗan uwanta Eduardo shi ma ɗan jarida ne, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar LULAC a 1929, wadda har yau take fafutukar kare haƙƙin masu asalin ƙasashen Latin a Amurka. Ita kuwa Jovita ta yi karatu a makarantar Holding da ke Laredo, wadda cocin Metodis ta kafa, ta sami takardar shaidar malanta a 1903. Ta fito tana jin Sifaniyanci da Ingilishi sosai, kuma waɗannan harsuna biyu su ne jarinta har ƙarshen rayuwarta.

Aji babu littafi

Aikinta na farko shi ne koyarwa a wani ƙauye mai suna Los Ojuelos, kimanin kilomita 60 gabas da Laredo. Ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne masu aikin gona da kiwo. Abin da ta tarar ya karya mata zuciya. Littattafai ba su isa ba, takarda da fensir sun yi ƙaranci, kujeru ba su wadatar ba, yara kuma suna zuwa cikin talauci a fili.

Duk malamin da ya taɓa shiga aji da alli kawai a hannunsa ya san wannan yanayi. Jovita ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma ta lura da wani abu: ba tsautsayi ne ya sa makarantar ta zama haka ba. Masu rabon kuɗin ilimi ba su ɗauki 'ya'yan masu asalin Meksiko da muhimmanci ba, kuma babu wanda yake tuhumarsu. Malama ɗaya tana iya taimakon yaran da ke gabanta, amma ba ta da ikon canza wannan rabo daga cikin aji. Saboda haka ta ajiye aikin ta koma Laredo, ta shiga jaridar mahaifinta tare da 'yan uwanta maza biyu.

Kada a ɗauka ta guji koyarwa ne. Maganar ilimin yara ba ta taɓa barin bakin alƙalaminta ba, kuma za mu ga yadda ta sake buɗe aji da hannunta har sau biyu a gaba.

Labaran da wasu suka ƙi bugawa

Sunan jaridar La Crónica, ana buga ta mako-mako da Sifaniyanci. Ƙaramar jarida ce ta iyali, a zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya kafin a buga shafi. Jovita tana rubutu a ciki, wani lokaci da sunayen aro irin su Astrea da Ave Negra. Na farko sunan allahiyar adalci ne a tatsuniyoyin Girkawa, na biyu kuma yana nufin Baƙin Tsuntsu.

A 1910 da 1911 jaridar ta mayar da hankali kan abubuwan da manyan jaridun Ingilishi na jihar ba su damu da su ba: ware yara a makarantu, ƙwace filaye, wulaƙanci a wuraren aiki, da kuma mafi muni, kisan da gungun mutane suke yi ba tare da shari'a ba.

Biyu daga cikin waɗannan kashe-kashe sun girgiza jama'a. A watan Nuwamba 1910, a garin Rocksprings, an zargi wani saurayi mai suna Antonio Rodríguez da kashe matar wani mai gandun kiwo. Kafin a kai shi gaban alƙali, gungun mutane suka fito da shi daga kurkuku suka ƙone shi da ransa. Labarin ya jawo zanga-zanga har a birnin Meksiko. A watan Yuni 1911 kuma, a garin Thorndale, aka kashe wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Antonio Gómez, bayan wata rigima da wani mutum ya rasa ransa a cikinta. Shi ma ba a bar kotu ta yi aikinta ba. Ku duba shekarunsa, 'yan uwa. Sa'an wasu daga cikinmu ne.

La Crónica ta bi waɗannan labarai, ta ambaci sunayen mamatan, ta nemi a hukunta masu laifi. A wancan zamani yin haka yana iya jawo wa mutum asarar sana'arsa ko ma ransa.

Jovita ta kuma yi rubutu kan harshe. Ba ta ƙi yara su koyi Ingilishi ba, domin ta san shi ne harshen kotu da ofis da kasuwa a ƙasar da suke ciki. Damuwarta ita ce yaron da aka raba da harshen gidansu da tarihin kakanninsa zai tashi yana jin kunyar kansa. Ra'ayinta shi ne a koyar da harsunan biyu tare, al'umma kuma ta buɗe makarantunta idan na gwamnati sun gaza. Ta kuma goyi bayan bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, shekaru kafin Amurka ta amince da shi a duk faɗin ƙasa a 1920.

Babban taron 1911 da ƙungiyar mata

Iyalan Idar sun fahimci cewa buga labari kaɗai ba zai wadatar ba. Ta hanyar jaridar suka yi kira ga ƙungiyoyin taimakon juna da 'yan jarida da malamai na faɗin Teksas su hallara wuri ɗaya. Taron ya gudana a Laredo daga 14 zuwa 22 ga Satumba, 1911, a daidai lokacin bikin 'yancin kan Meksiko na ranar 16 ga Satumba. Ana kiransa El Primer Congreso Mexicanista, wato babban taro na farko na masu asalin Meksiko. An tattauna ilimi, da kisan gilla, da filaye, da haƙƙin ma'aikata, da matsayin harshen Sifaniyanci. Masana tarihi suna lissafa shi cikin matakan farko na fafutukar haƙƙin wannan al'umma a Amurka.

Mata sun halarci taron, sun kuma yi jawabi. A watan Oktoba na shekarar suka kafa ƙungiyarsu mai suna La Liga Femenil Mexicanista, aka zaɓi Jovita shugabarta ta farko tana da shekara 26. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar malaman makaranta ne da mata masu aiki.

Aikin da suka sa a gaba shi ne koyar da 'ya'yan talakawa kyauta. Suna tara kuɗi ta hanyar shirya wasannin kwaikwayo da tarukan adabi, suna raba tufafi da abinci ga mabuƙata, su kansu kuma suna zama su yi nazari tare domin ƙara wa junansu sani. Yaran da Jovita ta baro a Los Ojuelos ba su fita daga ranta ba. Abin da ta kasa yi ita kaɗai a ƙauye, yanzu tana yin sa da hannaye masu yawa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga alƙalami zuwa bandeji

A daidai wannan lokaci, tsallaken kogi wuta ta kama. Juyin juya halin Meksiko ya fara a 1910, ya kawar da Porfirio Díaz wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana mulki. Francisco Madero ya hau, amma a watan Fabrairu 1913 aka yi masa juyin mulki aka kashe shi, Janar Victoriano Huerta ya karɓe. Dakarun da ke bin Venustiano Carranza suka tashi yaƙar Huerta daga arewa.

A watan Maris 1913 faɗa ya iso Nuevo Laredo. Mutanen Laredo suna jin ƙarar harbi daga gidajensu, kuma waɗanda ake harbi a tsallake danginsu ne da abokan kasuwancinsu. Wata aminiyar Jovita mai suna Leonor Villegas de Magnón ta tara mata suka haye kogi domin ɗauko waɗanda suka jikkata da yi musu jinya, Jovita tana cikinsu. Daga wannan yunƙuri aka sami ƙungiyar agaji mai suna La Cruz Blanca, wato Farin Gicciye. A 1914 ƙungiyar ta bi dakarun Carranza cikin arewacin Meksiko tana kula da masu rauni, Jovita ta yi wannan tafiya tare da su.

Ba likita ba ce, kuma babu wanda ya tilasta mata. Tana iya zama a ofis ta rubuta labarin yaƙin daga nesa. Amma ta ga abin da ake buƙata a wannan rana shi ne mai wanke ciwo da ɗaure shi, sai ta yi hakan.

Ranar da ta tare ƙofa

Da ta dawo Laredo a 1914, ta kama aiki da wata jarida mai suna El Progreso. Dangantaka tsakanin Amurka da Meksiko ta yi tsami ƙwarai a lokacin. A watan Afrilu na shekarar sojojin Amurka sun mamaye tashar jiragen ruwa ta Veracruz, ana kuma jibge dakaru a bakin iyaka. El Progreso ta buga sharhi tana sukar matakin Shugaba Woodrow Wilson na tura sojoji. Sharhin ya fusata hukumomi.

Aka turo rundunar 'yan sandan jiha da ake kira Texas Rangers su rufe jaridar. Ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne waɗannan mutane a idon masu asalin Meksiko na wancan zamani. Mahaya dawaki ne masu bindiga, waɗanda ake jin tsoronsu a duk kudancin Teksas. Tsakanin 1915 da 1919, a lokacin rikicin iyaka, an kashe ɗaruruwan masu asalin Meksiko ba tare da shari'a ba, kuma 'yan wannan runduna suna da hannu a da yawa daga ciki. A ƙauyen Porvenir kaɗai, a watan Janairu 1918, an harbe maza da samari 15. Abin ya kai ga wani ɗan majalisar jiha mai suna José Tomás Canales ya sa aka binciki rundunar a 1919.

Irin waɗannan mutane ne suka iso ƙofar El Progreso. Suka tarar da Jovita tsaye a bakin ƙofa. Ba ta da makami. Ta ƙi matsawa, ta tunatar da su cewa tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin 'yan jarida, don haka ba su da hurumin rufe jarida saboda ra'ayin da ta buga. Gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin a 1791 ya tanadi haka kuwa. Suka juya suka tafi.

Da labarin ya tsaya nan, da ya yi daɗi. Amma gaskiya ita ce sun dawo daga baya a lokacin da ba ta nan, suka farfasa injin buga jaridar, suka rufe gidan. Tsayuwarta ba ta ceci El Progreso ba.

To mene ne amfaninta? Na farko, ta nuna cewa dokar da aka rubuta ta shafi kowa, har da mace mai jin Sifaniyanci a wani gari na bakin iyaka, kuma ta san dokar har ta iya kafa hujja da ita. Na biyu, ta tilasta wa masu ƙarfi su aikata abin da suka zo yi a bayan idonta, kuma tarihi ya rubuta shi a haka. Na uku, ba ta daina ba. Da mahaifinta ya rasu a 1914, ita ta karɓi ragamar La Crónica. A 1916 kuma ta kafa wata sabuwar jarida mai suna Evolución, wadda ɗan uwanta Eduardo ya yi aiki tare da ita a kanta.

Shekarun San Antoniyo

A 1917 ta auri Bartolo Juárez, mai aikin famfo da ƙirar kwano. A 1921 suka koma San Antoniyo, birnin da ke da nisan kimanin kilomita 250 arewa da Laredo, wanda ya cika da iyalan da suka gudo daga yaƙin Meksiko.

Wannan sashe na rayuwarta ba shi da amo kamar labarin ƙofa, amma shi ne mafi tsawo, shekara 25. A nan ta buɗe makarantar ƙananan yara kyauta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun 1918 dokar Teksas ta wajabta koyarwa da Ingilishi kawai a makarantun gwamnati. Yaron da bai taɓa jin Ingilishi a gida ba yakan shiga aji ɗaya bai fahimci ko kalma ba, ya yi ta maimaita aji har ya gaji ya bari. Makaranta irin tata tana shirya yaro kafin ya kai wannan mataki.

Ta kuma yi aikin sa kai na tafinta a asibitin gwamnati. Ku yi tunanin uwa ta kawo ɗanta ba shi da lafiya, likita ba ya jin harshenta, ita ba ta jin nasa. Ba za ta iya bayyana inda yake masa ciwo ba, ba za ta gane yadda ake shan maganin ba. Mai tsayawa tsakaninsu yana iya zama sanadin tsira da rai. Jovita ta yi wannan aiki ba don albashi ba. Tana kuma taimaka wa baƙi wajen cika takardun zama 'yan ƙasa.

Bayan mata sun sami 'yancin ƙuri'a, ta shiga harkar siyasar unguwa a jam'iyyar Dimokurat, har ta yi aikin kula da rumfar zaɓe. Alƙalaminta ma bai bushe ba, domin ta kasance cikin editocin El Heraldo Cristiano, jaridar cocin Metodis ta masu jin Sifaniyanci.

Rasuwarta da abin da ta bari

Jovita Idar ta rasu a San Antoniyo ranar 15 ga Yuni, 1946, tana da shekara 60, bayan fama da tarin fuka. Wannan cuta ta addabi unguwannin talakawa na birnin ƙwarai a wancan zamani.

Ba ta ga sakamakon yawancin abin da ta yi wa fafutuka ba. Shekara biyu bayan rasuwarta, a 1948, wata kotun tarayya a Teksas ta yanke hukunci a shari'ar Delgado cewa ware 'ya'yan masu asalin Meksiko a makarantu na daban ya saɓa wa doka. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati baki ɗaya. A 1968 majalisar ƙasar ta yi dokar tallafa wa koyarwa da harsuna biyu, abin da Jovita ta yi ta kira a kai fiye da shekara hamsin kafin nan. Ba za a ce ita ta kawo waɗannan canje-canje ba, domin lauyoyi da iyaye da ƙungiyoyi da yawa ne suka yi wannan gwagwarmaya. Amma tana cikin waɗanda suka fara rubuta ƙorafin a takarda, suka tara mutane a kansa, tun lokacin da babu mai son ji.

Shekaru da dama sunanta ya kusa ɓacewa, sai a bakin dangi da tsofaffin Laredo. Masana tarihi ne suka tono tsofaffin kofen La Crónica suka dawo da labarinta. A 2020 kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko. A 2023 kuma Amurka ta buga hotonta a kan tsabar kuɗi ta santi 25, a cikin jerin fitattun matan ƙasar. A zanen, an cika rigarta da rubutu: sunayen jaridun da ta yi wa aiki, da sunan ƙungiyar matan da ta shugabanta, da ayyukanta na malanta da jinya da jarida. Ƙasar da jami'anta suka farfasa injin da take aiki da shi, ita ce ta buga sunan El Progreso a kan kuɗinta bayan fiye da shekara ɗari.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa ɗalibai, akwai abubuwa uku da muke so mu ɗauka daga wannan tarihi.

Na farko, Jovita ba ta jira muƙami ba kafin ta yi wa jama'arta aiki. Ta duba abin da take da shi, wato harsuna biyu da iya rubutu da takardar malanta, ta yi amfani da kowanne a inda ake buƙatarsa. A cikinmu akwai wanda ya iya lissafi, ƙaninsa kuma yana fama da shi a gida. Akwai wadda take jin Turanci, maƙwabciyarta kuma ba ta iya karanta takardar magani. Daga irin nan ake farawa.

Na biyu, ga 'yan ƙungiyarmu musamman: ƙarfin La Crónica ya fito ne daga faɗin abin da ya faru da sunan wanda abin ya shafa, da wuri, da rana. Ita ma Jovita, a ranar da ta tare ƙofa, doka ta riƙe, ba zagi ba. Idan za mu rubuta cewa famfon makaranta ya lalace ko ɗakin karatu ba shi da littattafai, to mu je mu gani da idonmu, mu tambayi wanda abin yake hannunsa, mu rubuta cikin ladabi, sannan mu tsaya a kan abin da muka rubuta.

Na uku, tarihinta yana tuna mana cewa mai gaskiya ba kullum yake yin nasara a ranar da ya tsaya ba. An fasa injin, jaridar ta mutu, ita kuma ta rasu ba ta ga an haɗa yara a aji ɗaya ba. Duk da haka ta buɗe wata jaridar, ta buɗe wata makarantar, ta ci gaba da zuwa asibiti.

Ga malamanmu kuma, muna miƙa gaisuwa. Jovita Idar ta fara ne a aji maras littafi, kuma mun san da yawanku kun san irin wannan aji. Allah ya saka muku da alheri.

Duk wanda yake da wani fitaccen mutum da yake so mu kawo tarihinsa a fitowa ta gaba, ya rubuta sunan a takarda ya ba wa ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya. Sai mun haɗu a wannan bango.